Gwangwanin Inna da Dutsen Habasha

Abin da na fara rasawa a ƙasar Habasha jakata ce. Ina fitowa daga filin jirgi wani mutum tsaf-tsaf ya tare ni da murmushi, ya ambaci sunan aikin da ya kawo ni, ya karɓi jakar ya ce in tsaya nan zai kawo mota. Na tsaya har inuwar ginin ta bar inda nake ta koma wani gefen. Sai daga baya na gane a jikin ambulan ɗin da ke hannuna ya karanta sunan aikin. A jakar akwai rigar sanyin da na saya a gwanjo, da kilishi, da ƙullin kuka da daddawar da mahaifiyata ta aiko mini ta hannun ƙanwata. Ban yi ihu ba, ban bi kowa ba. Na zauna a kan dakali ina kallon ƙafafun mutane.

Sunana Lawali, ɗan Nasarawa Burkullu ne ni. Kafin wannan tafiya aikina shi ne duba ma'aunin ruwan sama a wani ofishin gona da ke Anka. Aiki ne da ba mai hassadarka a kansa. Sai ga labari cewa masana yanayi na ƙasashe da dama sun haɗa kai, za su kafa tashoshi a kan duwatsun Habasha su bi sawun hadari tsawon damina guda. Suna zaton wani sashe na hadarin da ke taso mana daga gabas a can yake fara haɗuwa, saboda haka suna son 'yan ƙasashen yamma inda yake zuwa ya zube. Mai gidana a ofis ya tura sunana don ba wanda ya nema. Na bar Inna da kumburin ƙafa da tarin da ba ya jin magani, kuma na san haka lokacin da na karɓa.

Direban gaskiya ya zo dab da magariba, ya ba ni haƙuri da hannu don ba ma jin yaren juna. Washegari aka sa ni a motar kaya tare da tukwanen iskar gas da akwatunan na'urori. Hanyar hawa ce kawai, kwana bayan kwana, ta gefen ramukan da ban yarda na leƙa ba. A wani gari direban ya sauke ni da kayan a bakin titi, ya nuna ƙasa da yatsa alamar an iso, ya juya. Ashe ba a iso ba, ya samu lodin hatsi ne da zai koma da shi. Na kwana a barandar wani shago na rungume akwati, ina sanye da 'yar shadda mara nauyi. Mai shagon ya fito da buhu biyu ya jefa mini, ya koma ciki.

A nan Tasfaye ya same ni da alfadarai. Shi ne abokin aikina, ɗan ƙasar, Kirista, dogo siriri mai yawan dariya. Da Turanci muke magana, nasa a karye nawa a karye. Ya dubi rigata ya tambaya ko biki na zo. Da ya ji labarin jakar sai ya daina dariyar, ya bi da ni ta gidansu a garin da ke gindin dutsen. Mahaifiyarsa ta fito ta rungume shi, ta sumbace shi a kumatu, tana ta kiran sunansa kamar wanda ya shekara bai zo ba, alhali jiya ya bar gidan. Ni na rasa inda zan sa idona. Tsohuwar ta shiga ɗaki ta fito da wani farin mayafi na saƙi mai kauri ta naɗe ni da shi kamar jariri. Da shi na yi daminar gaba ɗaya.

Tashar tamu ɗaki ɗaya ce ta kwano da duwatsu, can sama inda itace ba ya tsiro. Satin farko kaina kamar ana sara shi da gatari, in na yi taku kaɗan sai na tsaya neman numfashi. Wake ba ya nuna a wurin ko an wuni ana hura masa wuta. Ruwan alwala kuwa, in na zuba a hannu sai in ga yatsun suna motsi amma ba na jin nawa ne. Gajimare ba a sama yake ba, ta ƙofa yake shigowa ya jiƙa mana bargo. A hankali na daina jin sanyin, na daina jin yunwa, na daina jin komai sosai. Ina tashi, ina aiki, ina kwanciya.

Aikin kansa ba wuya gare shi ba, rashin sassauci ne. Safe da yamma, a daidai lokacin da sauran tashoshi ke yin nasu, za mu cika balan-balan da iska, mu ɗaura masa 'yar na'ura mu sake shi. Mutum ɗaya na riƙe da shi a cikin iska, ɗaya na gaban akwatin da ke karɓar saƙonsa. Sannan mu duba ma'aunin ruwa da na zafi da na iska, mu karanta sakamakon ta oba-oba ga babbar tasha. An ja mana kunne tun farko cewa amfanin abin a haɗuwarsa yake. In tasha ɗaya ta yi shiru, hoton ranar ya samu rami, kuma ba a iya komawa jiya a cike shi. Mutum biyu ne a tashar, aikin kuma na mutum biyu ne.

Nama ma sai da ya zama magana. A can Musulmi ba ya cin yankan Kirista, Kirista ba ya cin na Musulmi, kowa ya san wannan. Na yi makonni ina cin wata gurasarsu mai tsami da miyar wake. Wata rana Tasfaye ya ɓace tun bayan balan-balan ɗin safe, ya dawo da kaza a hammata da wani tsoho makiyayi mai carbi a wuya. Ya sauka har rugarsu ne ya ɗauko shi don ya yanka mini. Na ce ai da ni ma na yanka. Ya dafe kai ya ce wallahi bai tuna ni ma Musulmi ne mai hannu ba. Tsohon ya ci rabin kazar ya tafi, shi kuwa Tasfaye bai taɓa ta ba.

Waya tana garin gindin dutsen, a gidan waya. A gida kuma lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Gummi ba, Nasarawa babu. Mun shirya da ƙanwata Balki, wadda ke aure a unguwarmu kuma ita ke kula da Inna, cewa ranar kasuwar Gummi za ta je shagon wani ɗan'uwan mijinta mai waya ta jira ni. In na saki balan-balan ɗin safe sai in gangara da sauri, in yi magana, in hawo kafin na yamma. Ba kowane mako nake iyawa ba.

Ni ne ɗan fari, sunana ma ya faɗa. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun tasowata ban taɓa jin "Lawali" a bakin Inna ba. "Wancan" nake, ko "mutumen". In tana son in ci abinci sai ta ce wa Balki, ina zaune a gabanta, a tambayi wancan ko ya ƙoshi ne. Ban taɓa ɗaukar abin rashin so ba, haka na ga ana yi a kowane gida. Don haka ban sa ran za ta zo Gummi ba.

Amma ranar da na fara kira, ina gama gaisawa da Balki sai na ji tarinta a gefe. Ta hau motar kasuwa da wannan ƙafar, a kan waccan hanya mai ramuka. Balki ta ce wai gishiri ta zo saye. Ba ta karɓi wayar ba. Na dai ji muryarta can ƙasa-ƙasa tana magana da Balki.

"Ki ce mashi an yi ruwa shekaranjiya. Gaɓa biyu."

Ban gane ba. Balki ta yi dariya ta ce gwangwanina ne. Lokacin da na fara aiki a Anka na kafa wani gwangwanin madara a kan dirkar tsakar gidanmu, ina tsoma tsinke in auna in na zo hutu. Inna ta sha yin mita, ta bakin wasu, cewa wancan ya cika mata gida da tarkace. Ashe tun da na tafi, duk ruwan da aka yi sai ta fita ta tsoma yatsa ta ƙirga gaɓoɓin da suka jiƙe, ta zubar ta mayar da shi. Na ce a gaya mata na gode, an rubuta. Na ji ta ce ita ba ta tambayi godiya ba.

Haka muka ci gaba. Duk kiran da na yi tana da abin saye a Gummi, yau barkono, gobe zare. Ba ta taɓa tambayar ko ina cin abinci ba, ko sanyi ya dame ni. Gaɓa ɗaya, gaɓa biyu da rabi, ranar kaza ko ƙasa bai jiƙa ba. In na tambayi jikinta Balki ta ce da sauƙi. Da na ba Tasfaye labari ya kasa yarda. Ya ce uwar da ba ta kiran sunanka, yaya kake sanin tana kewarka? Na ce ga shi tana aiko mini da ruwa. Daga ranar ya sa mata suna Tashar Yamma, in na hawo daga waya sai ya tambaya me Tashar Yamma ta ce.

Da damina ta yi tsakiya sai na kira na ji Balki ita kaɗai. Ta ce hanya ta lalace, ƙafar Inna ba za ta iya motar ba, amma ta ba da saƙo, gaɓa biyu ranar Talata. Na tambayi jikin. Da sauƙi. Ban ji wani abu daban ba, domin ko tana nan ma ta bakin Balki take magana. Tarin kawai na rasa a bayan muryar.

A wannan tsakanin shugabar aikin ta hawo ta duba mu, wata Farfesa Baturiya mai furfura, tana haki a kan alfadari. Mace ce mai kirki, ta kawo mana sukari da batir. Ta buɗe kwamfutarta ta nuna mana abin da aka samu zuwa lokacin. Na ga yadda gajimare ke taruwa a kan duwatsunmu da la'asar, ya dunƙule, ya kama hanyar yamma, wani ya watse a hanya, wani ya ƙara ƙarfi. Ta ce a da kowace ƙasa nata take aunawa ta ɓoye a kabad, yanzu da aka haɗa an fara ganin tafiyar hadarin daga tushe. Abin da ya rage musu, in ji ta, shi ne can inda yake sauka, don a ƙasashenmu ma'aunan sun yi nisa da juna. Ta ce nan gaba kuma na'urori masu aiko da sakamako da kansu za a kafa a kan duwatsun, ba sai an ajiye mutum yana daskarewa ba. Ta faɗi haka ne don ta faranta mana. Na gyaɗa kai, ina kallon gefen hagu na hoton inda babu ko ɗigo ɗaya, ina neman inda ƙaramar hukumarmu, Bukkuyum, za ta kasance.

Bayan tafiyarta na yi kira biyu, duka Balki ita kaɗai. A na biyun muryarta ta dushe, ta ce mura ce. Na hawo dutsen na zauna ban cire takalmi ba. Tasfaye ya dube ni ya ce in tafi gida. Ya ce zai ɗauko ƙanensa ya riƙe masa balan-balan, in ta ɓaci a ce shi ya ɓata, ba sai Farfesa ta sani ba sai na dawo. Ya san abin da yake sa kansa a ciki, domin aikin nan shi ne hanyarsa ta samun karatu a waje. Na ce bari in ji daga gida tukuna.

Ranar kasuwar da ta biyo na gangara cikin ruwa. Na gaya wa Balki na samu dama, zan taho a makon nan. Sai ta yi magana a hankali, kamar mai karanto abu.

"Yaya, Inna tac ce an yi ruwa daren Lahadi, gaɓa ukku. Kuma tac ce ka tsaya ka ƙare abin da ya kai ka. Tac ce ba a barin aiki tsaka."

"Jikin nata fa?"

"Da sauƙi."

Maganar irin ta Inna ce sak, har na ji kamar da muryarta aka faɗa. Kuma a wurinmu in uwa ta ce ka tsaya, ka tsaya ke nan. Na hawo na gaya wa Tasfaye Tashar Yamma ta ce gaɓa uku, kuma ta hana ni tafiya. Ya yi murna, ya ce tsohuwar da ke iya ba da umarni ai ta warke. Ni ma haka na ɗauka, ko kuma haka na ga ya fi sauƙin ɗauka, ban sani ba. Muka ci gaba da sakin balan-balan har ruwa ya ja baya. Tasharmu ba ta yi shiru ko sau ɗaya ba.

An yi taron rufewa a babban birni, a wani otal mai kafet. Aka nuna taswira, tasharmu ɗigo ce ja a cikin ɗigogi. Aka yi ta jawabi a kan abin da aka cimma da abin da za a sa gaba, aka tafa. Sunayen da ke jikin allon na waɗanda suka zo da jirgi ne suka koma a makon, namu na cikin "da sauran ma'aikatan tashoshi". Tasfaye ya ji haushi, ni ban ji ba. Na je mayar wa mahaifiyarsa mayafinta ta hannunsa, ya ce ta riga ta ce in na kawo kar ya karɓa. A filin jirgi ya rungume ni ya ce in gaida Tashar Yamma, in ce mata ita ce ta fi kowa cika alkawari.

Na iso Nasarawa da hantsi, gero ya yi kai, wasu har sun fara yanka. Ina sauka daga mota wani dattijo mai sayar da goro a tasha, abokin marigayi babanmu, ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu.

"Lawali, sannu da hanya. Ya haƙuri? Allah shi jiƙanta, shi sa ta huta."

Na ce amin, na gode. Bakina ne ya amsa da kansa, yadda ake amsawa. Ban tambaye shi wa ba. Na ɗauki 'yan kayana na bi hanyar gida, mutane na tasowa daga rumfuna suna miƙo hannu, ina cewa amin. Na lura an yi wa masallacin unguwa sabon yaɓe. Na lura ƙafata ɗaya ta fi ɗaya ciwo.

Balki na tsakar gida tana tankaɗe. Da ta gan ni ta ajiye rariyar ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Na zauna a kan turmi na jira ta gama. Ɗakin Inna a buɗe yake, an naɗe tabarmarta an jingine. Da ta lafa na tambaye ta yaushe. Ta ce tun kafin wayar da na ce zan taho, an ma yi sadakar bakwai a lokacin. Ta ce da jikin ya yi tsanani Inna ta tara su, ita da kawunanmu, ta ce ba a aika wa matafiyi mugun labari, kar wanda ya ɗaga wa mutumen hankali a ƙasar da ba shi da kowa. Ita ta tsara abin da za a ce in na nemi tahowa, Balki ta riƙe shi kalma da kalma.

"To gaɓa ukun nan fa?" na ce. "Yatsan wa?"

"Nawa na, Yaya. Ruwan gaskiya na, an yi shi. Ni dai nit tsoma."

Na daɗe ina kallon hannunta. Akwai tambayar da na riƙe tun daga tasha, na san bai kamata namiji da gemunsa ya yi ta ba, amma na yi. Na ce ko da sau ɗaya, can wajen ƙarshe, ta kira sunana? Balki ta yi kamar za ta ce i, na ga ta fasa.

"A'a. Ta dai ce, in anka yi ruwa a riƙa duba gwangwanin mutumen, kar a bari shi cika shi zube."

Ban yi kuka ranar ba, ban yi a kabarinta ba da kawu ya raka ni da la'asar. Na yi addu'a na shafa, muka dawo yana ba ni labarin farashin taki. Ina ta jira abin ya zo, bai zo ba. Mutane suka ce Lawali akwai tawakkali, na bar su a haka.

Bayan kwana kaɗan hadari ya taso daga gabas, irin na bankwana, wanda manoma ba sa so don yana jiƙa musu geron da ke ƙasa. Na zauna a bakin ɗakin Inna da mayafin Habasha a kafaɗa ina kallonsa yana tahowa. Na san daga inda irinsa ke tasowa, na san sanyin wurin, na san yanzu ba kowa a ɗakin kwanon. Ya zuba na ɗan lokaci ya wuce wajen Gummi.

Da ya ɗauke na taka cikin taɓo zuwa dirkar. Gwangwanin ya yi tsatsa, an ɗaure shi da tsumman zanenta don kar iska ta ɗauke shi, ƙulli biyu irin nata. Na tsoma yatsa na ciro na duba. Sai na juya wajen ƙofarta.

"Balki," na ce, "ki ce mata gaɓa ɗaya da rabi."

Balki na cikin madafa. Na ji ta ajiye muciya. Ni kuma na kasa zubar da ruwan.